Gungumen Da Ya Fi Ƙarfin Bel Huɗu

Wallahi da idona na gani! Ni Ɗanmaliki, ba labari anka ba ni ba. Wanda ya ƙaryata, ga Haliru direba nan tashar Bagudo, ya je ya tambaye shi.

Shekara talatin ina ɗaure kaya bisa tirela mai buɗaɗɗen baya. Ko buhu guda bai taɓa faɗo min ba. Boko ban yi ba, amma lamba na sani. Kowane bel na ɗaure kaya yana da ɗan ƙyalle ɗinke a jikinai, an rubuta nauyin da yake iya riƙewa. Sai ka haɗa ƙarfinsu, in bai kai rabin nauyin kaya ba, kada mota ta motsa. Ni kuwa har cikawa nike yi.

Rannan da la'asar munka tafi dajin bayan Lafagu, wajen iyakar Benin, ɗauko gungumen madaci. Guda ɗaya tak, tan takwas. Masu yanka sunka ɗora shi, sunka watse, ko ruwa ba su tsaya sha ba. Na ga wani kogo a gindinai an toshe da laka ɗanya. Ban kula ba.

Na sa waigi, wato katakon tokare, gefe da gefe don kada ya mirgina. Na jefa bel huɗu, kowane tan biyu, na ɗame. Na ƙara sarƙa. Na bugi kowane bel da hannu, ya ce tim! Haka bel mai lafiya yake amsawa.

Wata tsohuwa mai itace, sunanta Sabuwa, ta tsaya tana kallo.

"Malam, an yi wa mutanen ciki sallama kafin a sare?"

Na ce, "Inna, in suna ciki su biya kuɗin mota."

Ba ta yi dariya ba. Haliru ma bai yi ba.

Munka kama hanya. Ƙa'idar aiki, in an ɗan taɓa tafiya sai a tsaya a duba ɗauri. Rana ta yi ja, munka zo wani gangare mai sauka rafi. Haliru ya taka birki.

"Baba, yi sauri. Birkin hannu ya mutu, da ƙafa nike riƙe da ita."

Na sauka. Daji tsit, ko kurciya babu. Sai wani wari, kamar hayaƙin murhu da anka yayyafa wa ruwa.

Na bugi bel na farko. Bai ce tim ba. Kuka ya yi, siriri, kamar tsirkiyar goge.

Na duba tayoyi. Sun kwanta, kamar mun ɗauko gungume uku.

Tas! Bel na farko ya tsinke. Sabo fil, wallahi.

Gungumen ya ja gaba, taki ɗaya. Wajen kan mota. Wajen ƙeyar Haliru.

"Baba, mene ne?"

"Kada ka ɗaga ƙafa."

In ya ɗaga, mota ta tafi rafi da shi. In ya zauna, gungume ya same shi.

Tas! Na biyu.

Lakar nan ta kogo ta faɗo. Hayaƙi na fitowa a hankali. Na ji ana daka a ciki. Na ji jariri yana tari.

Sai murya, ƙasa-ƙasa, daidai kunnena:

"Mai ɗauri. Bel ɗinka nawa yake ɗauka?"

Na ce, "Tan biyu-biyu, ranka ya daɗe. In bai yi maka ba, sauka ka hau mashin."

"Icce ka auna. Mu ba ka auna ba. Mu arba'in ne."

Tas! Na uku.

Ƙarfen bayan kan mota ya fara lanƙwasa. Haliru na ta salati.

Saura bel ɗaya da sarƙa. Su ne sunka hana gungumen mirginawa gefe, shi kuwa gaba yake ja. Sai ya faɗi gefe Haliru zai tsira.

Na zaro wuƙa. Shekara talatin ban taɓa yanke ɗaurina ba.

Na yanke.

Na ɓalle ƙugiyar sarƙa. Na ɗauki guduma na doke waigin hagu, na faɗi ƙarƙashin mota.

Ƙasa ta girgiza. Sai shiru.

Da na leƙo, gungumen yana kwance cikin ciyawa. Dakan bai tsaya ba.

Ba mu waiwaya ba har Bagudo. Haliru ya yi sati uku ƙafar dama ba ta takuwa. Gungumen na nan har yau bakin rafin, ba saiwa ba komai, amma ya yi tofo kore shar. Ni kuwa yanzu duk iccen da zan ɗaure sai na ƙwanƙwasa na yi sallama, na kasa kunne. Mutanen tasha na dariya. Su yi.

To, abu ɗaya na ƙara, tunda Haliru na da rai zai tona ni. Maganar nan ta "sauka ka hau mashin", ban faɗe ta ba. Bayan kwana biyu ta zo min. A lokacin bakina bai buɗu ba, wando dai ya jiƙe.

Muryar kam, ba ni na ƙaga ta ba.