Faifan Goggo a Jikin Mota

Wani saurayi mai zane ya dawo gida bayan shekaru. Kasuwa ta koma bakin titi, shaguna sun sha fenti, kowace ƙofa da allonta. Faifan da goggonsa ke saƙawa ne kaɗai bai canza ba: ja, baƙi, ja, baƙi.

Ya zana adon faifan a jikin wata babbar mota. Jama'a suka taru suna tafi.

Mai motar ya ce, "Kai, samari! In daga kanka wannan ya fito, motocina na birni duk kai za ka zana."

Saurayin ya dubi motar, ya dubi Goggo. Ya ce, "Alhaji, daga faifanta na ɗauko."

Alhaji ya fashe da dariya. "To, Goggo, akwai saura?"

Ta ce, "Ɗaki guda!"

Saurayin ya ruga haɗa kayan tafiya birni, faya-fayan Goggo a saman jakarsa.