Rijiyar Gishirin Torika

Ranar da Ilaitia ya fara zuwa ƙauyen Vunatiri, da igiyar awo ya shigo da takalmi sabo. Bai kai rumfar gishiri ba taɓo ya haɗiye shi har gwiwa.

Torika tana juya tukunya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan faɗuwar ta ɗan Kadavu ce. Ba ku iya taka ƙasar da ba ta lilo ba."

"Tau, ku 'yan Nadroga in ba doki ya ɗauke ku ba ina kuke zuwa? Miƙo min sanda."

"Roƙa da kyau."

Mutanen tsibirin Kadavu da na yankin Nadroga abokan wasa ne tun kakanni, "tau" suke kiran juna, babu mai fushi. Ta fito da shi. Takalmin yana can har yau.

Aikin da ya kawo shi na gwamnati ne da wata ƙungiyar Japanawa. Za a yi gadar katako daga gari zuwa rijiyar gishiri, baƙi su riƙa zuwa suna ganin yadda ake dafa shi. Malama Chiharu, wadda ke riƙe da aikin, ta faɗa a gaban dattawa: in babu mai dafawa, babu gada. Masu dafawa kuwa biyu suka rage, Torika da kakarta, Bubu Senimili, wadda ido ya fara gudu.

Wata biyu ana kafa turaku. Kullum Ilaitia sai ya sami abin aunawa kusa da rumfa. Wata Asabar ya turo mata saƙo:

"Gishirina, yau a garin Sigatoka na ci kifi, salam, ba gishiri. Laifinki ne."

Ta mayar: "Ɗan taɓo, ci da haƙuri. Na ajiye maka ƙaramin kwandon gishiri."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Apenisa, bai yi kwana-kwana ba.

"Yaron ba shi da aibu. Amma mace gidan miji take bi. Ki tafi Kadavu, wutar nan ta mutu, gada ta zama wurin shanya kaya. Ban yarda ba."

"Baba, ai bai ce zai tafi da ni ba."

"Bai ce zai zauna ba."

Sekove, direban motar otal, ya daɗe yana zagaya ta. Shi ya ƙara mata da cewa ya ji an ba Ilaitia sabon aiki a can tsibirin Vanua Levu. Torika ba ta yi kuka ba. Ta rubuta wa Ilaitia:

"In tafiya za ka yi, tafi da rana. Kada ka ƙara ce min gishirinka."

Gaskiya ne an yi masa tayin, kuma a ranar ya je ya ce wa Malama Chiharu ta nemi wani ta tura Vanua Levu. Washegari da safe Torika ta tarar da itace jibge a bakin rumfa, shi kuma yana zaune a kai, kafaɗa duk ta saɓule.

"Me ye wannan?"

"Amsar saƙonki. Tukunya na cin wuta daga safe har faɗuwar rana. Wa ke saro miki?"

"Ni."

"Daga yau ni ne."

Wata uku yana yi. Samarin gari suka sa shi gaba. "Tau, an gama da kai! Mu ɗinka maka siket?" Ya ce su ɗinka, amma mai aljihu. Daga Kadavu kawunsa ya kira shi a waya, ya ce namiji ba ya zama garin mata, ba shi da ko taƙin ƙasa a can. Ilaitia ya ce ya sani, su dai zo.

Suka zo su shida, da haƙorin babban kifi na neman aure. Aka zauna a tabarma, aka dama yaqona, abin shan da ake buɗe taro da shi. Apenisa ya bar haƙorin a hannun kawun, ya dubi Ilaitia.

"In gada ta ruɓe, Japanawa suka koma gida, baƙi suka daina zuwa fa?"

"Baba, gada ni na kafa ta, zan gyara. Baƙi kuwa ba don su nake saran itace ba."

Daga bayan ɗaki Bubu Senimili ta ɗaga murya. "Apenisa, karɓi abin nan. Kai shekara nawa ka yi ba ka kawo min ko tsinke ba?"

Aka fashe da dariya. Ya miƙa hannu ya karɓa.

An ɗaura aure a coci sati ɗaya bayan buɗe gada. Sekove ma ya zo, shi ya kwaso 'yan Kadavu daga tashar jirgi. Da aka zo ba amarya 'yar gonar da iyaye ke ba 'yarsu, Apenisa ya miƙe.

"Gona ba zan ba ta ba. Rijiyar gishiri da rumfar na ba ta, ita da 'ya'yanta. Allah Ya zaunar da ku lafiya, wutar nan kada ta mutu."

Kowa ya ce amin. Torika ta sunkuyo kusa da kunnen ango.

"Ɗan taɓo, yanzu a ƙasata kake. Taka a hankali."

"To, Gishirina. Gobe itace nawa?"