Lambobi Biyu da Mai Fensir Ta Goge

A gidansu kowa Mai Fensir yake kiranta. Ba ka taɓa ganinta babu fensir a hannu ko a bayan kunne. Shekararta goma sha ɗaya. In ta zana kyanwa, sai ka rantse za ta motsa wutsiya. Ƙofar firij ɗinsu cike take da zane-zanenta, babu masaka tsinke.

Ƙanwarta Auta shekararta bakwai. Ita kam da zane sai a hankali. Ko da'ira ta zana, sai ta fito kamar dankali. Lambobi ma juya su take yi. Ukunta yakan kalli baya, shida ya koma tara. Kullum littafin lissafinta ya sha jan biro.

Ranar Laraba malamin lissafi ya shigo ajin su Mai Fensir da wani hoto. Launuka ne suka nannaɗe juna, kowane lanƙwasa da ƙananan 'ya'yansa.

"Wa ya zana wannan, Malam?" in ji Mai Fensir.

"Kwamfuta ce ta zana shi da lissafi," in ji Malam. "Sunan irinsa firaktal. Zane ne mai maimaita kansa. Ku dubi bishiya. Babban reshe yana fitar da ƙanana, ƙananan ma su fitar da nasu. To, haka yake."

Ya ce akwai manhajar da ke yin irinsa, kuma kyauta ce. Ya rubuta adireshinta a allo. Ya ƙara da cewa ranar Litinin za a manna zanen ɗalibai a babban bangon makaranta, kuma kowane aji yana iya kawowa.

Mai Fensir ta kwafi adireshin tsaf. A zuciyarta ta riga ta ga hotonta a tsakiyar bangon.

Kwana biyu tana damun Baba. Ranar Juma'a da yamma ya dawo daga aiki, ko takalmi bai gama cirewa ba ta tare shi.

"Baba, ka yi alkawari fa."

"Na yi, uwar naci. Jawo kujera."

Kwamfutar gidan tsohuwa ce. Tana kusurwar falo, a kan teburin da Mama ke guga a gefensa. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. Baba yakan ce ta girmi Auta, don haka a riƙa girmama ta.

Mai Fensir ce ta rubuta adireshin da kanta. Shafin ya buɗe. Wani ƙaton maɓalli kore yana ta ƙyafta ido a gefe, har ta kai linzamin kwamfuta kansa.

"Dakata," in ji Baba. "Wannan talla ce. In kika danna, ƙwayar cuta za ki jawo wa kwamfuta. Karanta a hankali. Na gaskiyar ba ya rawa."

Ta duba, ta ga wani ƙaramin rubutu a ƙasa. Ta danna shi. Manhajar ta fara sauka, wani layi shuɗi yana tafiya kamar ba ya so. Da ta gama sauka, kwamfutar ta yi ta tambayoyi. Baba yana karantawa, ita tana dannawa. Can sai ga manhajar ta buɗe. Akwai gidaje biyu na rubuta lambobi, da maɓalli ɗaya na zanawa.

"Ni na saka ta, ni zan fara," in ji Mai Fensir.

Ta zaɓi lambobi masu kyau a idonta. Kwamfutar ta yi gurnani na minti uku. Abin da ya fito wani baƙin dunƙule ne. Ta sake, sai ɗige-ɗige suka fito. Ta sake a karo na uku, baƙin dunƙulen ya dawo.

"Yaya, ni ma in gwada?" in ji Auta.

"Ke da ba ki san uku daga takwas ba?"

"Ba ta wuri," in ji Baba.

Auta ta hau kujera, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa ba. Ta danna lambobi da yatsa ɗaya, yadda suka zo mata. Kwamfutar ta yi gurnani. Sannu a hankali hoto ya fara sauka daga sama.

Wani abu ne kamar fure, kamar wutsiyar tsuntsu, shuɗi da ruwan zinariya. Kowane lanƙwasa yana ɗauke da ƙananan lanƙwasa irinsa.

Mama ta ajiye dutsen guga ta matso. "Auta, ke kika yi wannan? Ashe muna da wata gwanar a gidan nan ba mu sani ba."

Baba ya ɗaga Auta sama. Auta tana ta dariya, giɓinta duk a waje.

Mai Fensir ba ta yi dariya ba. Ita ta kwafo adireshi. Ita ta yi nacin. Ita ta saka manhajar. Ga shi wadda ko da'ira ba ta iya ba ita ake ɗagawa sama. Kishi ne ya kama ta, babu wani suna da za a ba shi.

"Wannan za mu kai makaranta," in ji Mama. "Kuma a buga biyu. Ɗaya na firij ne."

"Ai babu wuri a firij," in ji Mai Fensir.

"Sai a cire kyanwa ɗaya. Kyanwowinki biyar a can."

Firinta, wato na'urar buga takarda, ba ta da tawada, sai Baba ya ce gobe da safe zai sayo. Ya miƙa wa Auta takarda. "Kwafi lambobin nan da hannunki. Lambobin su ne hoton. Duk mai su yana da hoton, ba sai mun adana ba."

Auta ta fito da harshe gefe, ta yi ta rubutu a hankali. Sau uku tana dubawa. Sannan ta manna takardar a gefen kwamfuta, ta fita wasa.

Hoton yana nan a fuskar kwamfuta. Mai Fensir ta ɗauko littafinta. Wai ita za ta nuna cewa hannu ya fi inji. Awa guda tana zanawa. Ta ƙirga manyan lanƙwasa bakwai, ta zana su duka, har da ƙaramar ƙugiya a tsakiya. Amma ƙananan ba su da iyaka. Ta gaji, ta dunƙule takardar, ta cusa a jakarta.

Baba ya zo ya kashe kwamfutar ya fita. Mama ta shiga kicin. Falon ya rage daga Mai Fensir sai takardar Auta.

Ta cire kilina daga aljihu. Ta goge lamba ɗaya a layin sama, ta goge ɗaya a na ƙasa. Ta rubuta wasu, ta karkace su yadda Auta take yi. Don sauri, ko abin da ta goge ba ta tsaya ta duba ba. Da ta ji motsin Mama, sai ta yi wuf ta bar wurin.

Washegari Baba ya dawo da tawada. Auta ta yi wanka da wuri don murna. Baba ya shigar da lambobin, kwamfutar ta yi gurnani. Abin da ya fito ɗige-ɗige ne warwatse, kamar an zubar da gishiri.

"Ina furena?" in ji Auta.

Baba ya sake shigarwa. Ɗige-ɗigen suka dawo. Ya dubi takardar, ya sosa kai. "A irin wannan zane, lamba ɗaya in ta canja, komai ya canja. Wataƙila kin juya wata lamba wajen kwafa, Auta. Laifina ne, da na adana shi."

Mai Fensir tana bakin ƙofa. Ta zaci za ta ji daɗi. Ta jira daɗin, bai zo ba.

Auta ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Ta sauka daga kujera a hankali, hawaye suna gangarowa.

"Sau uku na duba, Baba," ta ce. "Ni dama ban iya komai ba. Ko kwafa ban iya ba. Ba zan ƙara taɓa kwamfuta ba. Yaya ta yi nata a kai, ita ce mai ƙwaƙwalwa."

Maganar nan ta shigi Mai Fensir. Hoto kawai ta yi niyyar ɓatawa. Ashe ƙanwarta ta ɓata. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Ba ita ba ce," in ji Mai Fensir. "Daidai ta kwafa. Ni na goge lambobi biyu."

Mama ta juyo. "Me ya sa?"

"Na ji haushi. Ni na saka manhajar, amma ita aka yaba. Har za a cire kyanwata."

"To, kishi ke nan," in ji Mama. "Kowa yakan ji shi, har ni. Da kin zo kin faɗa mini, da mun yi magana. Amma sai kika bi shi, kika bar yarinya tana ganin kanta daƙiƙiya."

Mai Fensir ta durƙusa a gaban Auta. "Ki yi haƙuri, Auta. Na cuce ki."

Auta ta share hanci da bayan hannu. "To, mayar mini da lambobina."

"Na manta su."

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Nuna mini inda kika goge." Ta nuna. "Gida biyu ne. Kowane gida lamba goma za su iya shiga. Goma sau goma nawa?"

"Ɗari."

"Gwaji ɗari ke nan, kowanne minti uku. Yau ne za ku je gidan namun daji da ƙawarki, ko? Zan kira mamarta in ce ba za ki samu zuwa ba. Hannun da ya goge shi zai nemo."

Sati biyu tana ɗokin ganin raƙumin dawa. Amma ta haƙura. Ta ja layuka a takarda, ta zauna.

Aiki ne mai gajiyarwa. Ta shigar da lamba, ta jira gurnani, ta soke. Wani ya fito dunƙule, wani ɗige-ɗige. Bayanta ya riƙe. Ta ji ƙarar motar su ƙawarta ta wuce ta ƙofar gida. A gwaji na ashirin Auta ta leƙo. A na talatin ta jawo kujera ta zauna.

"Ni zan riƙa sokewa," ta ce. "Amma ban huce ba fa."

"Na sani."

Bayan cin abincin rana, sai wasu hotuna suka fara fitowa masu kama da furen. Auta ta rikice. "Kamar shi ne. A'a, kamar ba shi ba. Yaya, na manta kamanninsa."

Nan Mai Fensir ta tuna. Ta ruga ta zazzage jakarta, ta warware dunƙulalliyar takardar nan. "Naki lanƙwasa bakwai gare shi, da ƙugiya a tsakiya. Wannan biyar ne. Mu ci gaba."

Auta ta ƙura wa takardar ido. "Ke kika zana furena da hannu? Kai, Yaya, ya yi kyau."

Kunya ta kama Mai Fensir. Ita ko sau ɗaya ba ta ce na Auta ya yi kyau ba.

A gwaji na sittin da uku hoton ya fara sauka, shuɗi da ruwan zinariya. Suka ƙirga tare da ƙarfi, har bakwai. Ga ƙugiya a tsakiya. Auta ta rungume yayarta har fensir ya faɗo daga kunne.

"Baba, zo ka adana shi," in ji Mai Fensir. "Sau biyu."

Baba ya zo yana dariya. Firinta ta yi ta tari, ta tofo hotuna biyu. Mai Fensir ta je firij da kanta. Ta cire babbar kyanwarta ta tsakiya, ta manna furen Auta a wurin.

"Naki ya fi kyau, Auta," ta ce. Da ƙyar maganar ta fito, amma da ta fito sai ta ji sanyi a ranta.

Ranar Litinin Auta ta ce ita ba za a manna nata shi kaɗai ba. Aka manna su gefe da gefe, na kwamfuta da na fensir mai alamun dunƙulewa. Malamin lissafi ya daɗe a tsaye yana kallo.

"Wa ya samo lambobin wannan?" ya tambaya.

Auta ta ɓuya a bayan yayarta. Mai Fensir ta jawo ta gaba. "Ƙanwata ce, Malam."

Auta ta ɗaga kai. "Ni na samo su, ni na kwafa. Kuma daidai na kwafa."

Tun daga ranar Mai Fensir ta gane cewa yabon da aka yi wa ƙanwarta bai rage mata komai ba. Kishi yakan ɗan taɓa ta wani lokaci. Amma yanzu in ta ji shi, sai ta je ta faɗa wa Mama, ba ta ɓata abin wani ba. In ɗan'uwanka ya yi abin kirki, ka taya shi murna, kuma ka faɗa masa da bakinka.