Abincin Zarto

A garin Gaya akwai wata yarinya mai son aikin katako. Idan aka tashi daga lakwal, wato makaranta, ba ta wucewa gida. Sai ta biya ta rumfar kawunta Halidu, wanda yake haɗa kujeru ba tare da ƙusa ba.

Kakarta, Iya Ladi, tana suyar kifi a bakin kasuwa. A kan bulo take zama, ga ta da ciwon gwiwa. Abin yana damun yarinyar ƙwarai.

"Kawu, ina so in yi wa Iya kujera da hannuna," in ji ta.

Kawu ya ba ta katakon maɗaci. Ya koya mata fafe rami da kurfi, wani ƙarfen sassaƙa, a jikin mazaunin kujera. Ya nuna mata yadda ake fitar wa kowace ƙafa harshe, wanda zai shiga ramin ya zauna daram. Sannan ya ja mata layi da tsinin wuƙa.

"Kada ki yanka a kan layi," in ji shi. "Ki yanka ta wajensa. Zarto ma yana da abincinsa."

Ta yi dariya a ranta. Zarton da ba shi da ciki, me zai ci?

Saura ƙafa ɗaya, sai Kawu ya haye gada zuwa garin Malanbil sayen katako. Yarinyar ta ƙosa ta gama. Ta ɗora zarto a kan layi, ta yanka.

Da ta sa harshen a rami, sai ya yi lakwalakwa. Ta waiwaya, ba kowa. Ta ɗebi garin katako ta cusa a gefen ramin, ta danna sosai.

Da ta kai wa Iya kujerar, Iya ta yi murna, ta yi ta sa mata albarka. Amma washegari, da ta sunkuya za ta juya kifi, ƙafar kujerar ta zame. Iya ta faɗi gefe, ta kurje hannu. Faranti ya kife a ƙasa. Allah ya kiyaye, man suya bai taɓa ta ba.

Yarinyar ta ga Iya ta koma kan bulonta. Ta ɗauki kujerar, ta tafi wurin Kawu tana kuka.

"Ni ce, Kawu. A kan layi na yanka, kuma na ɓoye."

Kawu ya zazzage garin katakon a tafin hannunsa.

"Kin ga wannan? Shi ne abincin zarto. Da ba ki bar masa ta waje ba, sai ya ci daga jikin harshen."

Ta kalli garin katakon da kyau.

"Kowane mai koyo yana ɓata yanka," in ji Kawu. "Da kin faɗa mini, da mun sake tun kafin Iya ta zauna."

Ya miƙo mata sabon katako. Wannan karon ta yanka a hankali, ta wajen layi. Ta buga da gudumar itace, harshen ya shige ya kama.

Iya ta zauna. Ta jijjiga dama, ta jijjiga hagu. Kujera ko motsi.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa kuskuren da aka ɓoye, wani yake kayarwa. Idan ta ɓata aiki, sai ta faɗa a gyara.

Iya ta zaɓi kifi mafi girma ta miƙa mata.

"Zarto ya ci nasa," in ji ta. "Zo ki ci naki."