Rantsuwar Yaro a Ƙofar Majami'a

Ranar Lahadi, shekara biyu da samun mulkin kai, Ladidi na durƙushe a rana bakin majami'ar Dogon Dutsi, an hana ta shiga. Kwana arba'in ke nan da rasuwar mijinta Mani. Saboda bin Yesu danginta na Lugu suka yafe ta, suka ce ta raina iskokin gidansu. Yau kuma waɗanda ta baro kowa dominsu sun rufe mata ƙofa! Yaro, wan mijin, dattijo a majami'a, shi ya baza cewa ta yanka wa aljana Doguwa baƙar akuya, ta ba da ran Mani. Abin da yake so kowa ya sani, ya karɓe ɗiyarta Shatu, gonar Mani kuma ta bi ɗiya.

"Baban Shatu, mi na yi maka?" ta ce wa Yaro, hawaye na zuba. "Ku kuka koya mani gafara... ina take yau? Ko ta masu gona ce kaɗai?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Aka ɓamɓare Shatu daga zanenta tana ihu. Yaro ya yi zafi har ya manta inda yake, ya nuna sama irin na kakanni: "In ƙarya nike, aradu ta faɗa gidana!"

Kwana tara Ladidi na kwana rumfar kasuwa, mata na janye tulunansu in ta nufo rijiya. Addu'a ma ta gagare ta, sai dai: "Ya Ubangiji, kana gani kuwa?"

A na goma, da la'asar, hadari ya taso daga Matankari baƙi ƙirin. Tsawa ɗaya tak, duwatsu suka amsa! Rumbun Yaro ya tsage gida biyu, hatsi na ci da wuta, ga tukunyar tsafi a gindinsa, da ƙahon baƙar akuya ɗanye. Ashe shi ke yanka a ɓoye! Mutane suka tsaya baki buɗe, Kirista da Musulmi da Azna masu bin addinin kakanni. Yaro ya zube ƙasa, ya faɗi komai da bakinsa, kafin sati ya bar garin.

Dattawa suka kawo Shatu da kansu, suna roƙon ta dawo Lahadi, benci na gaba nata ne.

Ladidi ta goya ɗiyarta, ta ɗaure zane tam.

"Na yafe maku," ta ce. "Amma Wanda ya ji ni, a rumfar kasuwa ya ji ni. Can zan ci gaba da kiran shi."