Rumfar Kwano a Kan Kuɓewa

"Wane mara aikin yi ne ya rufe min rana?!"

'Yar Lambu ta yar da bokitin hannunta. Kwana biyu kawai ta yi a asibiti tana jinyar Babanta, ta dawo ta tarar da rumfar kwano sabuwa fil a kan shukarta.

Duk gidan hayar nan, wannan lungun na bayan banɗaki ne kaɗai rana ke kwana a ciki tun safe har yamma. Kowa ya raina shi saboda zafi. Ita ta kwashe duwatsun, ta zuba taki, ta shuka kuɓewa da barkono da alayyahu, masu son rana irin ta ƙona fata. Ɗaki ɗaya suke ita da Baba, a lungun nan ne kawai take jin tana da wuri a duniya.

Mai Walda, ɗan Hajiya mai gidan, ya leƙo yana washe baki kamar gonar auduga.

"Rabin raina, kin gani? Ba za ki ƙara ƙonewa ba..."

"Kai ne?"

"Ni ne mana. Kullum in na hango ki kina zufa, zuciyata ke..."

"Zuciyarka ta ci gidansu! Kuɓewa ce ta ce maka tana son inuwa? A ƙarƙashin wannan abin tsawo kawai za ta yi, ko fure ɗaya ba za ta ba ni ba. Ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai. Abin haushin, tana son sa, so ba na wasa ba. Shi dai matsalarsa ɗaya ce, kansa kamar ƙarfen da yake narkawa: sai ya gama aiki yake tunani.

Kafin ya buɗe baki sai ga Hajiya, bayanta 'yar ƙanwarta mai gyaran gashi, wadda ta daɗe tana yi wa Mai Walda kwalliya ba ya gani. Ashe mai gyaran gashin ce ta zuga shi, ta ce ai mace ba abin da take so kamar inuwa.

"Kai, wuri ya yi kyau," in ji Hajiya tana ƙwanƙwasa ƙarfen. "A zuba siminti, ga shago ya samu. Ke kuma ki tuge ciyayinki."

"Hajiya, ba ciyayi ba ne..."

"Da kuɗin haya kika kama lungun? Ko da ɗana kike son biya?"

Mai gyaran gashi ta tuntsire da dariya, ta sa takalmi ta take alayyahu da gangan.

'Yar Lambu ta juya ta kalle shi, idanunta sun kaɗa.

"Ka ga aikinka? Da hannunka ka gina musu!"

Maganar ta dake shi. Da tsakar rana ya hau sama, kwano na ƙona masa tafin hannu, ya dinga ɓalle ƙusoshi yana jefo shi ƙasa. 'Yan haya suka fito kallo. Hajiya ta ɗora hannu a ka.

"In ka sauke rumfar nan, su tattara su bar min gida!"

"Ba inda za su, Hajiya!" ya faɗa daga sama da ƙarfi. "Aurenta zan yi. Matata ce, lungun nata ne, magana ta ƙare!"

Mata suka fara zungurin juna, wata har ta soma murmushin taya murna.

'Yar Lambu kuwa ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta daɗe tana mafarkin wannan kalmar, amma ba daga saman rumfa ba, ba a gaban jama'a kamar ana shelar gwanjo ba. Ta dubi kuɓewarta. "To" kawai za ta ce, lungun ya zama nata.

"Sauko," ta ce a hankali.

Ya diro yana haki, yana murmushi.

"Yaushe na zama matarka?"

"Haba masoyiyata, ai na san kina..."

"Ka sani! Kullum ka sani! Yau rana ka rufe min don kana so na, gobe me za ka rufe? Bakina?"

"Don Allah ki tsaya..."

"Ba zan aure ka ba."

Ko Hajiya sai da ta saki baki.

Da wata ya ƙare, motar kwashe kayansu ta tsaya a ƙofar gida. Kuɓewa ba ta yarda a tuge ta a dasa, don haka a nan aka bar ta, ta fara fure. Masu siminti na tsaye da shebur suna jiran motar ta tashi.

Mai Walda ya riƙe ƙofar motar, hannunsa naɗe da bandeji.

"Ki faɗa min abin da zan yi. Ko mene ne."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Wallahi na so ka," ta ce. "Sakar mana ƙofa, Baba ya gaji."

Ya saki. Motar ba ta kai ga kwana ba ta jiyo ƙarar shebur a bayanta, ta kifa kai a cinyar Baba ta fashe da kuka.