Tauraruwar da Ke Matsowa

Magariba ta riske mu a gona, ni da yayana Maitama. Dawa ta fi mu tsawo, ga hadari yana haɗowa. Ƙauyenmu yana yamma da gonar, kusa da Maska, don haka in duhu ya kama mu Zara muke sawa a gaba, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa bayan faɗuwar rana.

"Ga ta can," in ji Yaya. Muka bi ta.

Ni malamin firamare ne, kuma a gidanmu an san ni da shegen zargi. Kullum ina faɗa wa ɗalibai cewa nisan tauraro ya wuce misali, ko shekara dubu ka yi kana tafiya ba zai ƙara girma a idonka ba. Wannan kuwa girma take yi.

Hadari ya rufe sama, sauran taurari suka ɓace. Ita tana nan, a ƙasan gajimaren.

Na yi ƙasa da murya. "Yaya, tauraro ba ya shiga gaban gajimare."

"Kai da bokonka! Ɗaga ƙafa, Mero ta sauke tuwo," in ji shi, yana nufin matarsa.

Kukan gyare ya ɗauke. Wani ƙauri ya taso, kamar ana babbaka gashi. Ƙafafuna suka fara nutsewa a laka, alhali hanyar gida tudu ce.

Na waiwaya. Gajimare ya ɗan tsage a bayanmu, sai ga Zara ta gaske, 'yar ƙarama, can inda ta saba.

Ashe gabas muka dosa, wajen kududdufin da ya ci mutum biyu bara.

Hasken gabanmu ya ƙifta. Sau ɗaya, a hankali, yadda ido yake yi.

Na damƙi rigar Yaya.

"Sake ni, Awaisu," ya raɗa. "An kusa."

Ruwa ya riga ya kai masa gwiwa.

Ina a'uziyya ina jansa, yana dukana, har muka faɗo kan kunyar gona. Ban sake shi ba sai a zaure.

Yaya ya dawo hayyacinsa, yana noma, yana raha da kowa. Amma duk magariba sai ya tsaya a ƙofar gida ya fuskanci gabas. Jiya na tsaya kusa da shi na duba, ban ga komai ba. Ya yi murmushi.

"Yau ta iso bakin katanga," ya ce.